Kalmar da na fara ji a bakin Kawu Bala

Shekara shida ke nan da muka binne Kawu Bala a nan Doha. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya yi mini hanyar aikin tuƙin da nake yi har yau. Kafin ya zo gadi a wani ginin ofisoshi a Al Mirqab, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wani gidan jarida a Kaduna, yana kula da ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu. Da kamfanin ya durƙushe, sai ya fito nema kamar kowa.

A ɗakinmu na Al Wukair, in mun sauko daga Juma'a muna cin abinci, hirarsa ba ta wuce wannan aiki. A bakinsa na fara jin cewa 'yan jaridar Amurka na da suna kiran irin ɗakin nan da suna "morgue", kalmar da Turawa ke kiran ɗakin ajiye gawa da ita. Wani tsohon editan su Kawu da ya yi kwas a can ne ya kawo musu sunan. Kawu ya ce a gidajen jaridun can, duk labarin da aka buga sai a yanke shi da almakashi, a sa a ambulan, a rubuta sunan mai labarin a baya. Manyan mutane kuwa tun suna da rai ake rubuta labarin rasuwarsu a ajiye, ana jiran ranar. Sabon ɗan rahoto ba ya fara rubutu sai an tura shi can ya karanta abin da aka taɓa faɗa.

Na ce, "Kawu, ai sunan nan ba daɗin ji."

Ya yi dariya ya ce, "A kunnenka ke nan. Ni matattun ɗakina kullum sai an zo an tashe su. Mutum zai shigo neman hoton mahaifinsa, ya fita yana share hawaye yana yi mini godiya."

A bakin aiki ciwon zuciya ya kayar da shi. Kafin in iso asibiti daga Al Thumama, inda na kai yaran maigidana makaranta, ya cika. Wata nas 'yar Jos, Sista Rifkatu, ita ta raka ni ƙasan asibitin. A jikin ƙofar ɗakin da aka ajiye shi na ga kalmar nan "morgue" a rubuce, ƙarƙashin ta Larabci. Ban taɓa jin ta ba sai cikin raha. Na ja na tsaya. Sista ta tsaya tare da ni har na iya shiga.

Matarsa, Anti Zulai, ta so a kai shi gida. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya ce takardu za su ja lokaci. Na kira ta na ce, "Anti, ba na son ya daɗe cikin sanyin nan." Ta ce, "Ku sa shi a nan Doha, Musa. Ku dai tsaya masa." Direbobi da masu gadi, 'yan Kano da 'yan zangon Kumasi, su suka cika sahu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Kwanaki aka yi ta tura mana sanarwar rasuwar wani dattijo a waya, har an fara ta'aziyya, ashe mutumin yana gonarsa. Kawu ba zai yi faɗa ba, zai dai tambaya ko wani ya bincika. Ina jin zai yi murna da ganin tsohuwar jarida na fitowa a waya, amma sai ya so sanin wa ke gadinta. Tarin jaridun nasa na Kaduna kuwa, na ji masu ƙosai ne suka ƙarasa da shi.

Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Ya bar 'yarsa Safiya, wadda ba ta gama firamare ba ya taho. Watan jiya ta kira ni ina kan hanya.

"Yaya Musa, in ran Baba ya ɓaci, yaya yake yi?"

Na gangara gefen titi na tsaya, na yi ta lalube a raina. Na ce mata ban taɓa gani ba.

Ta ce, "Haka Umma ta ce. Na ɗauka don ta kwantar mini da hankali take faɗa."

Allah Ya haskaka makwancinka, Kawu.