Dolfin da Jegon 'Yata

Shekarar korona 'yata ta yi haihuwar fari a Kaduna, ni kuwa ina Doha ina yi wa Larabawa girki. Da ina gida, ni zan dafa ruwan wanka, in fyaɗa mata shi da ganyen darbejiya, in dama kunun kanwa, in tsare ta har arba'in. Sai aka rufe hanyar jirgi. Ubanta ya rasu, dangin mijinta suna nesa. Ba ta da kowa sai matan gidan hayarmu, waɗanda a ganina ko ruwan shayi ba su iya dafawa ba.

Kullum ina kan waya ina ba da umarni. "Ruwan ya tafasa? Ku nuna mini tururin!"

Rannan maƙwabciyata ta gidan hayar, wata tsohuwa mai ƙosai, ta karɓe wayar. "Ke baiwar Allah, mu ma mun haihu fa. Kuma babu wadda aka yi wa wanka ta waya." Ta kashe. Yini na yi ina huci.

'Yar masu gidan da nake wa aiki tana karatun halittun teku. Da aka sassauta kulle, takan fita a ƙaramin jirgin ruwan babanta ta ɗauki hoton dolfin, wata dabba mai kama da ƙaton kifi, amma iska take shaƙa, kuma nono take ba ɗanta. Uwarta ta ce ba za ta fita daga ita sai matuƙi ba, in raka ta. Ni da ko kogin Kaduna ban taɓa tsoma ƙafa ba.

"Yalla, Mama, ba za ki nutse ba," in ji yarinyar.

"Allah ya sa. Ina da jikan da ban gani ba."

Muka yi nisa har benayen unguwar West Bay suka koma kamar tsinkayen tsintsiya. A wani wuri marar zurfi, mai ciyawa a ƙasa, muka samu dolfin ɗin. Ni da na koyi karatu da furfura a kaina ba na jin kunyar tambaya, na yi ta yi. Ta ce a nan mata suke zama da 'ya'yansu, saboda ruwan a kwance yake, ga abinci. Maza kuwa biyu-biyu suke yawonsu can waje.

"Ashe har a ruwa halinsu ɗaya," na ce. Matuƙin ya yi kamar bai ji ba.

Akwai wani jariri da yake manne da gefen wata babba mai tabo a baya. Na ce Allah ya raya mata. Yarinyar ta ce ai ba uwarsa ba ce, uwar ta nutsa neman kifi.

"To 'yar'uwarta ce?"

"Wataƙila. Wataƙila kuma zama ne kawai ya haɗa su."

Can uwar ta ɓullo, ta fesar da numfashi, jaririn ya koma gefenta. Ko duba shi ba ta yi ba, balle ta tambayi abin da aka yi masa.

Muna komawa gida na kira tsohuwa mai ƙosai. "Yaya, sannu da ɗawainiya. Allah ya saka."

"Lafiyarki kuwa?"

"Ƙalau. A dai rage kanwa."

"Na san ba za ki iya yin shiru ba!"

Daga ranar ban sake neman ganin tururi ba. 'Yata ta fita arba'in da ƙiba, kumatu har suna ƙyalli.

Lokacin gasar kofin duniya jirage suka cika tekun da kiɗa da baƙi, dolfin suka bar wurin. 'Yar masu gidan ta damu ƙwarai. Da ƙyar muka gano su can kudu inda babu hayaniya. Jaririn ya girma, mai tabon tana nan kusa da shi. Tare suka yi ƙaura.

Sai bayan gasar na samu hutu. Ina shiga gidanmu na buɗe hannu, jikana ya kalle ni, ya ruga bayan zanen tsohuwa mai ƙosai ya laɓe.

"Ga mijin naki," ta ce, "amma da tuwona ya saba."

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Na fito da turmin atamfar da na sayo mata, na durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa yi wa wata mace a gidan nan ba.