Injin da Bahago Ya Ƙera

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramin lauya ne mai ɗan ofis a Bosso, ina ji da kaina. Injiniyanci na fara karantawa kafin na koma lauya, don haka aikina shi ne yi wa masu ƙirƙira rajistar abin da suka ƙera, kada wani ya kwaikwaya ya ce nasa ne. Abokai har tsokanata suke yi wai ni lauyan ƙarafa ne.

Ina da aboki, ajinmu ɗaya a sashen injiniyanci, bahago ne na gaske. A shekararmu ta ƙarshe ya ƙera injin fasa ƙwallon kaɗanya, saboda tausayin mahaifiyarsa da ke fasawa da dutse har yatsunta suka lanƙwashe. Ni na riƙe masa ƙarfen ana walda a unguwar Kpakungu. Ya sa mariƙin juyawa a gefen hagu, na ce ya mai da shi dama, ya yi dariya ya ce ai wanda ya ƙera shi ne zai fara juyawa. Da ya gama, kamar yadda muka saba, sai ya kai wa malaminmu zanen ya sa masa albarka, ya baro shi a can. Bayan na zama lauya ya yi min maganar rajista, na ce ya bari sai ya samu sarari, abin ba gudu zai yi ba. Hatsarin mota ya ɗauke shi kafin sararin ya zo.

Ana nan sai ga malamin nan a ofishina, ya yi ritaya, ya sha babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce wani inji ya ƙirƙiro bayan dogon bincike, yana so ni da ya ɗauka ɗansa in yi masa rajista. Ina buɗe zanen na gane na abokina ne, domin ga mariƙin nan a hagu, ko gyara shi bai yi ba. Na daure na tambaye shi dalilin sa shi a wannan gefe. Dattijon nan ya gyara zama, ya shiga yi min lacca a kan daidaiton nauyi, yana shafa gemu. Wallahi ƙyama ce ta kama ni, kamar na ga ƙuda a cikin fura. Na ambaci sunan marigayin. Ko a jikinsa.

"Ɗana, ai ni na koya masa," in ji shi. "Kuma wanda ya mutu me zai yi da suna?"

Na mayar masa da zanen, na ce ba da hannuna ba. Ya ce ba ni da tarbiyya. Wani lauyan ya yi masa, takarda ta fito da sunansa shi kaɗai. Na je wajen mahaifiyar abokina na ce mu kai ƙara, ni zan tsaya, kuma ni shaida ne. Ta ce ba za ta kai malamin ɗanta kotu ba, mutumin da ya zo mata ta'aziyya har da kukansa. Wannan kukan ya fi komai ba ni ƙyama.

Abin da na koya shi ne, girmama malami daban, miƙa masa guminka ba shaida daban. Duk wanda ya ƙera wani abu ya yi masa rajista kafin ya kai neman albarka, kuma in lauya ya ce a bari sai an samu sarari, a nemi wani. Yanzu ana sayar da injin a Kasuwar Kure da sunan dattijon a jikinsa. Rannan na ji wata mata tana juyawa tana mita, wai wane mara tunani ne ya sa mariƙi a hagu. Na san amsar, amma na wuce abina.