Akwatin Porzia Ya Yi Nauyi

Wanda ya kwana ɗaya a lungunmu na tsohon garin Bari, ko bai ga Porzia ba, ya ji sunanta. Da sassafe uwarta ce: "Porzia, maganina!" Da hantsi ƙaninta Onofrio ne ta waya: "Porzia, don Allah ki ɗauko min yara daga makaranta." Da yamma matarsa Nunzia ta ɗaga labule: "Porzia, ba ki da ragowar miya?" Har akun mai gyaran takalma na bakin lungu ya haddace sunan, ba ya faɗin komai sai shi. Ita kuma ko akun ne ya kira sai ta waiga.

Shekarunta hamsin da shida, fiye da rabinsu a tsaye ta yi su, gaban teburin guga a shagon wanki da ke kallon tashar jiragen ruwa. Jijiyoyin ƙafarta sun fito ruɗu-ruɗu. Ta yi saurayi a da, wani Sabino mai gyaran injin kwalekwale. Ya samu aiki a Jamus, ya ce ta biyo shi, sai ga shi a watan nan babanta ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ta ce wa Sabino ya jira Baba ya ji sauƙi. Baba bai ji sauƙi ba, ya daɗe a kwance kafin Allah ya ɗauke shi, Sabino kuwa yanzu har jikoki gare shi a can. Daga jinyar uba ta koma hidimar uwa, daga nan kuma 'yan biyun Onofrio suka iso duniya. Ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba, abin da ke ƙona min rai da ita ke nan.

Kowace Asabar wani ƙaton farin jirgin yawon shaƙatawa yakan tsaya a tasha ya tare mata hasken taga. Ba ta taɓa sa shi a ranta ba, sai ranar da wata mata da ta sauko daga cikinsa ta kawo riguna, baki har kunne.

"Signora, mako guda ban taɓa ludayi ba. Ki tashi a gyara gado, ki zauna a kawo abinci. Waya ma ba ta shiga a tsakiyar teku."

"Ba ta shiga?"

"Ko kaɗan. Duniya ta tashi, ba mai samun ki."

Porzia ta tsaya da dutsen guga a hannu har ta kusa ƙona kwalar rigar mutane. Tsibiran Girka da matar ke ta zuzutawa ba su dame ta ba, gine-gine ne da duwatsu, mu ma muna da su. Abu ɗaya ya shige ta: mako guda ba wanda zai kira sunanta.

Daga ranar ta shiga tari. Ta karɓi gugar zannuwan wani otal ran Lahadi da yamma, ta daina shan kofi a waje, takalminta ya sha faci har mai akun ya ce shi kam ya gaji da ganinsa. Sai da ta shekara biyu a haka kafin ta iya shiga ofishin masu shirya tafiye-tafiye. Wata yarinya mai dogayen farata ta zaunar da ita tana yi mata bayani. Ɗaki mai taga kuɗinsa daban, marar taga daban. Abinci kyauta ne, amma abin sha da kuɗi. Akwai harajin tasha, akwai ladan ma'aikata da ake cira kullum, in kuma za a sauka yawo a tsibiri wannan ma wani lissafin ne. Watan Agusta ya fi kowane tsada, ga shi shagon wanki a tsakiyar Agusta kawai yake rufewa.

"Ba ni marar tagar," in ji Porzia. "Barci zan je yi."

"Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai."

Yarinyar ta ɗan yatsina fuska. "To, Signora, ɗakunan na mutum biyu ne. Mutum ɗaya kusan kuɗin biyu yake biya."

"Au! Wato rashin miji ma tara ake biya a kansa?"

Ta dai biya kafin alƙalami ta fito, zuciyarta wasai. Da ta kama bakinta da shi ke nan. Amma mu nan mutum bai iya cin taliyar Lahadi da magana a cikinsa ba, kafin a kai ga 'ya'yan itacen da ake rufe ci da su ta faɗa.

Onofrio ya aje cokali. "Kuɗin mutum biyu? Gado guda zai tafi a banza ke nan? Haba Porzia, ga Mamma a zaune, shekara tamanin da ɗaya a bakin teku ba ta taɓa hawa kansa ba!"

Me za ta ce? Uwarta ce. Ta ce to.

Lahadi ta zagayo, Nunzia ta zo da sabon labari: ashe yara kyauta ake ɗaukar su in dai suna ɗaki ɗaya da manya biyu. Ita da Onofrio za su kama nasu ɗakin, mai taga, tunda rabon su da hutu tun amarci. 'Yan biyu kuma ai sun fi sabawa da goggonsu. Yaran suka hau tsalle suna kiran goggon tasu, "Zia Porzia! Zia Porzia!" Onofrio dai shi ya biya kuɗinsa da na matarsa, kada in ɗauki alhakinsa. Amma inshorar Mamma, da sabon takalmin Mamma, da kayan ninkayar yara, duk daga 'yan yuron da Porzia ta ware don shan lemo a bakin ruwa suka fita. Sau uku tana komawa ofishin nan ana sake lissafi, kowane zuwa ɗakinta na ƙara cika, jakarta na ƙara sauƙi. A zuwan ƙarshe yarinyar mai farata ta ce, "Kai, Signora, kin ji daɗi, ga iyali!" Porzia ta ce ƙwarai kuwa.

Ita kuwa tsohuwa uwar tasu, Donna Filomena, duk hayaniyar nan abu ɗaya ta tambaya: "Tumatir fa?"

Gaskiyarta. Makon tafiyar shi ne makon da kowane gida ke dafa miyar tumatir ta shekara. Gidan da sanyi ya riske shi yana sayen ta gwangwani, to, matan lungu sun samu abin zance har bazara. Don haka aka jawo aikin baya, aka cusa shi cikin kwanakin ƙarshe kafin tafiya. Onofrio ya kawo kwandunan tumatir ya jibge a tsakar gida, nan take bayansa ya riƙe. Nunzia ta riga ta yi gyaran farce na tafiya, ba dama ta taɓa ruwa. Porzia ce ta wanke, ta yanka, ta tafasa, ta juya injin niƙa har kafaɗarta ta daina jin komai. Ita ta ɗauraye tsofaffin kwalaben giya da ake tarawa duk shekara don wannan aiki, ta jefa ganyen ɗaiɗoya a kowace, ta ɗura, ta toshe, ta naɗe su da tsumma, ta jera cikin duro aka hura wuta. Tsohuwa na kan kujera tana ba da umarni.

A cikin aikin ne ta karanta wa uwar dokokin jirgi. "Ba a shiga da abinci ko abin sha daga gida. Kin ji ko, Mamma? Na san halinki."

"Kurma ce ni?"

Ranar ƙarshe da tsakar rana barci ya sace Porzia a kan kujerar tsugunno, mazurari a hannunta, miya na ɗiga a siket. Da ta farka sai ta ga uwar ta zuba mata ido.

"Ke a jirgin nan, ina za ki kwana?"

"Gadon sama. Ke a ƙasa, yara a ɗaya gefen."

"Da wannan ƙafar za ki riƙa hawa tsani? Wa zai yi musu wanka? Wa zai kai ni banɗaki in jirgi na rawa?"

Porzia ta gyara riƙon mazurari. Ta san amsar, ta daɗe da sani. Hutun da ta shekara biyu tana saye da gugar zannuwa ya zama aikin gida, sai dai wannan karon a ɗakin da ba taga. Ta sunkuya ta ci gaba da ɗurawa. Tsohuwa ta ce, "Hm."

Ran Asabar suka fito. Donna Filomena ta ce kowa ya yi gaba, ita za ta kulle ƙofarta da hannunta. Porzia ta ja akwatinta ta ji kamar an cika shi da duwatsu, alhali 'yan riguna ne ta zuba jiya. Ta ce a ranta, lalle na gaji. Ba ta ko buɗe ba.

A tasha aka jera kaya kan injin da ke leƙa cikin akwatuna. Na kowa ya wuce, nata aka tsayar. Wani jami'i ya nuna allo.

"Na wa ne wannan? Signora, ba a shiga da giya."

"Giya? Ni?"

Aka zuge akwati. Ga kwalabe nan a kwance reras, jajaye, kowace an naɗe ta da rigar Porzia, har da sabuwar shuɗiyar da ta saya don cin abincin dare. Mutanen da ke layi suka fashe da dariya, wani tsoho ya ce, "Yawwa, ga 'yar gida!" Nunzia ta rufe fuska da tafin hannu.

"Mamma!" in ji Onofrio. "Me ke nan?"

"Miya ce, makaho ne kai? Masu girkin jirgin nan 'yan ina ne? Ka san cikinka ba ya karɓar miyar kowa."

Jami'in ya yi iya ƙoƙarinsa ya danne dariya. Ya ce giya ce ko miya ce, ba za ta shiga ba. Ko a bar su nan a zubar, ko wani ya mai da su gida. Akwai sauran lokaci kafin a rufe ƙofa, amma kada a yi wasa.

"A zubar kawai," in ji Onofrio.

"A zubar? Na rantse da waliyyi San Nicola, in aka zubar da kwalba ɗaya ƙafata ba ta taka jirgin nan!" Tsohuwa ta zauna daɓas a kan benci, ta rungume jakarta.

Sai duk suka juyo suka dubi Porzia, har yaran. Ta zuge akwatin ta kama mariƙinsa. Gida ba nisa, in ta ɗaga ƙafa za ta je ta dawo.

Uwar ta riƙo hannun rigarta, ta jawo ta ƙasa kamar za ta ba ta sautu. "Ungo makulli. Kada ki yi gudu, kin ji?"

"Mamma, in ban yi gudu ba ai…"

"Na ce kada ki yi gudu. Onofrio hannu biyu gare shi, matarsa ma biyu. Ni na haife shi, ya ɗanɗana ni na mako guda." Ta sake ta, ta ɗaga murya: "Onofrio! Zo ka kama ni, ƙatoton banza!"

Porzia ta ja akwati ta bi ta gindin ganuwa, rana na dukan ta, tayoyi na ƙara a kan duwatsun hanya. Da farko sauri take yi, don ƙafarta ba ta san wata tafiya ba sai ta sauri. Ta buɗe ƙofa, ta tura akwatin ciki, har ta juya za ta fita, sai idonta ya faɗa kan tebur.

An shimfiɗa farin ƙyallen da ba a fitarwa sai ran biki. Faranti ɗaya, cokali ɗaya, kofi ɗaya. Ga taliya an rufe da kwano, ga cuku a gefe. A ƙasa, gaban kujerar tsohuwa mai laushi, an aje roba cike da ruwa, da ɗan kwanon gishiri kusa da ita. Matar da ko kofin ruwa ba ta ɗauka da kanta, ita ta ja robar nan har tsakiyar ɗaki.

Porzia ta zauna. Ta cire takalmi, ta zuba gishirin, ta tsoma ƙafa. Kuka ya zo mata, ta bar shi ya zo, ta yi mai isarta. Takaicin kuɗinta na ciki, kunyar uwarta na ciki, da wani daɗi da ta manta yadda yake.

Waya ta hau ruri a jaka. Onofrio ne. Porzia ta bar ta har ta katse, ta sake ɗaukar ruri, ta sake katsewa. Can sai jirgi ya busa ƙahonsa, tagogin lungu suka amsa. Wayar ta yi ta fama har wajen la'asar, sannan ta yi tsit. Ashe matar nan gaskiya ta faɗa, ba ta shiga a tsakiyar teku.

Daga bakin lungu akun mai gyaran takalma ya ƙwala kira: "Porzia! Porzia!"

Ta jingina kai da kujera, ta lumshe ido. Ba ta waiga ba.