Maɗorin da Ya Cire Ƙyauren Ɗakinsa

A bayan tashar manyan motoci ta Gaya, in ka tambayi gidan Amadu maɗori za a nuna maka da baki, amma in ka ce Amadu Don-Mi har ƙofa za a raka ka. Mutum ne da abu ba ya wuce shi bai tambaya ba. Don mi ruwan kogi yake ja da damina? Don mi albasa take saurin ruɓewa in ta ƙetare gada ta shiga Benin? Kai, wannan bawan Allah, ko gaisuwa ka tsaya yi da shi sai ka yi gumi kafin ya sake ka.

Ɗori gadonsa ne tun kakanni. Ƴan kabu-kabu, ƴan dako, masu hawa giginya, duk wanda ya karye ɗakin Amadu ake kai shi. A ja, a daidaita, a ɗaure da kara, a yi tofi. Gidan kuma yana da ƙa'ida guda wadda kowa ya sani: jininsu ba ya zuwa asibiti don karaya, abin kunya ne.

Abu ɗaya ya daɗe yana damunsa. Hannu yakan warke, ƙafa takan warke, amma waɗanda ake kawo wa mahaifinsa da karayar baya, ƙashin ya haɗe, mutum kuwa bai sake tashi ba. Tsohon yakan ce iska ce ta shige su. Amadu bai ƙoshi da wannan amsa ba. Ya dinga zuwa wurin Labo mahauci yana sa shi ya tsaga masa gadon bayan rago, ya tsuguna yana kallon farar lakar da ta ratsa cikin ƙashi, yana latsa ta da yatsa.

"Malam, in saye za ka yi, saya," in ji Labo. "Ka tare mini gaba kana shafa nama, ƙuda ma sun fi ka kunya."

Amsar ta zo ne a teburin mai shayi, ranar da ya ritsa da wani likita da ya zo biki daga Yamai. Shayin likitan har ya huce saboda tambayoyin Amadu. Likitan ya ce masa lakar nan ita ke kai saƙo daga kai zuwa ƙafa. In ƙashi ya karye ya danne ta, sai ta kumbura ta yi ta mutuwa kaɗan-kaɗan. In an yi aiki an ɗage ƙashin da wuri, tun cikin yinin farko, an fi sa rai, ko da yake ba kullum ake dacewa ba. Kafin nan kuma a kwantar da mutum a kan abu mai tauri, kada a zaunar da shi, kada a ja shi. Jikin Amadu ya yi sanyi, don a gidansu ja shi ne farkon magani.

Ana nan, wata safiya, Isma'il ɗan yayarsa Ladi ya faɗo daga saman kamiyo, wato babbar motar kaya, yana ɗaure buhunan albasa. Aka kawo shi cikin bargo, ƙafafu ba motsi. Amadu ya mintsini babban yatsansa na dama, ya mintsini na hagu.

"Kana ji?"

"Ina ji, Kawu, amma kamar daga nesa."

Amadu ya miƙe ya ce Yamai za a kai shi yanzu-yanzu. Wayyo, sai gida ya kaure! Ladi ta riƙe masa riga tana kuka.

"Amadu, ashe hannun Baba a kanka zai mutu? Baƙo ma ka ɗora shi, sai ɗana ne za ka miƙa wa masu wuƙa?"

Dattawan dangi suka shimfiɗa tabarma. Wannan ya ce a ja shi a gani, wancan ya ce a jira babban baffansu ya iso daga Bengu. Ja kam Amadu ya hana, ya tsaya a bakin ɗaki ba wanda ya taɓa yaron. Amma katse manya, wannan ya gagare shi. Ya yi ta bayani, ya yi ta ba da haƙuri, ana Azahar, ana abinci, rana tana tafiya. Sai bayan La'asar, da ya sake mintsinin yatsan hagu Isma'il ya ce bai ji komai ba, tsoro ya kama shi sosai. Bai ƙara neman izinin kowa ba. Ya ɗauko guduma ya ɓalle ƙyauren ɗakin ɗorin, aka kwantar da Isma'il a kai aka ɗaure, sai asibitin gari. Daga can motar asibiti ta bi da su ta Doso zuwa Yamai, washegari da yamma aka yi aikin.

Da ya ga likitan da ya yi aikin, Amadu bai bar halinsa ba. Ya tambaye shi, da da safe suka taso, da an samu bambanci? Likitan ya ce mai yiwuwa ne, amma Allah kaɗai ya san gaskiyar wannan.

Isma'il ya dawo Gaya bayan watanni, yana dogara sanda. Ƙafar dama ta dawo, ta hagu kuwa jan ta yake yi. Yanzu igiya yake sayarwa a bakin tasha. Wasu har gobe suna cewa Amadu ya zubar da mutuncin gidansu, amma in hannunsu ya karye wurinsa suke zuwa. Ƙyauren a Yamai ya kwana, bai dawo ba, tabarma ce rataye a ƙofar ɗakin.

Rannan da yamma Ladi ta kawo masa fura, ta zauna kusa da shi. Isma'il ya wuce ya gaishe su, ƙafar hagu tana zana layi a kan rairayi. Ladi ta bi layin da ido har ɗanta ya sha kwana, sannan ta ce a hankali:

"Amadu, kai da ka sani, don mi ba ka cire ƙyauren tun da safe ba?"

Amadu ya dubi tabarmar da ke rataye a ƙofar ɗakin. Furar tana hannunsa har aka kira Magariba bai kurɓa ba.