Ɗakin Yara a Ofishinmu na Dokki

Shekarar da na haifi 'yata ta fari, ina aikin tafinta a wani ƙaramin ofis a unguwar Dokki ta ƙasar Misirawa, muna raka 'yan Najeriya masu zuwa ganin likita. Maigidana ɗalibi ne, kullum yana makaranta. Da hutun haihuwa ya ƙare, na rasa wanda zan bar wa jaririya, sai na goya ta, na hau bas daga unguwarmu Faisal don in ajiye aikin.

Mai ofishin, wani dattijo Bamisire mai yawan shan shayi, ya saurare ni har na gama.

"Ma'alish, yi haƙuri 'yata," ya ce. "Ke ce ta uku da ta zo mini da wannan maganar. In kin tafi, wa zai yi mini Hausa?"

Ya kira akantan ofis suka yi ƙus-ƙus. Akantan ya ce duk abin da aka kashe wajen renon yaran ma'aikata zai shiga hidimar ofis, haraji ya ragu. Nan take fuskar dattijo ta washe.

"Khalas, shi ke nan! A kwashe tarkacen ɗakin baya."

Aka share ɗakin, aka shimfiɗa darduma, aka sa fanka. Ni na kawo mai reno, maƙwabciyata Hajiya, Bahaushiyar Sudan wadda kakanninta suka yada zango can a hanyar Makka. Yara uku aka ba ta: 'yata da 'ya'yan abokan aikina biyu, Misirawa. In nono ya cika, sai in ajiye waya in leƙa in shayar.

Wata safiya ɗaya daga cikin iyayen ta tare ni a bakin ƙofa, hankalinta a tashe.

"Don Allah, mene ne tuwo? Jiya yaron nan ya ture abincina, yana ta kuka yana kiran tuwo."

Na yi dariya har da hawaye. Ashe Hajiya ce ke ɗanɗana masa nata in ta zauna cin rana.

Ranar Alhamis sai ga Hajiya da tukunya guda ta tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ce kowa ya wanke hannu. Dattijo ya nace shi da cokali zai ci. Yaji ya kama shi, yana ta sharce gumi, amma ya nemi ƙari. Ya juya ga akanta.

"Ustaz, shi ma tuwon yana rage haraji?"

Akanta ya ɗaga hannu a jira shi, don bakinsa a cike yake.

A barandar ofishin nan 'yata ta koyi tafiya, tana dafa kujerun marasa lafiya, suna sa mata albarka.