Ƙauyen Madam da ya cinye mana Goggo

Duk matan Madain Fahd, unguwarmu a nan Jidda, cewa suke Goggo ta yi sa'a, ta ga Faransa. Ƙarya ne, kuma na gaji da jin ta.

Goggo ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Aikatau take yi a unguwar Abhur, gidan wasu Faransawa. Ran Alhamis take dawowa, rigarta na warin cuku, bakinta cike da labarin ƙauyen Madam, uwar ɗakinta. Wai ɗan mitsitsi ne a bakin iyaka, da hasumiyar dutse tun zamanin mayaƙa masu sulke. Sarkin nan ya ƙwace bana, na can ya ƙone shi baɗi. Rana na faɗuwa a rufe ƙofar gari, wanda ke waje ya kwana waje. Goggo har sunayen sarakunan ta haddace, muna cin waken fulu da gurasar tamis tana jero su. Ni haushi suke ba ni tun a lokacin.

"Kamar garinmu ne, 'yar nan," in ji ta. "Mu ma bakin iyaka muke, muna da ganuwa."

Wani hutun zafi Madam ta tafi da ita can ƙauyen rainon yara. Bizar fita da dawowa ta ƙasar nan da watan Musulunci ake rubuta ta. Madam ta ƙirga da watan Turawa, ta ƙara kwanaki tana zagaya kango da baƙinta. Goggo kuwa kara ta hana ta tambayar fasfo ɗinta, a ganinta mai karatu ba ta kuskure. A filin jirgi aka ce biza ta mutu. Iƙama, takardar zamanta a nan, ita ma ta bi ta. Madam da yaranta suka hau jirgin Jidda, Goggo aka sa ta a na Yamai, aka mayar da ita ƙasar haihuwarta.

Goggo ta kira ni daga wayar wani mai shago. "Ki ci abinci, kin ji? Ki bi kawunki." Ina firamare lokacin, yanzu na gama sakandare, ban sake ganin ta ba.

Makon jiya Madam ta aiko direba, wai tana son 'yar Goggo ta kama aiki.

Kawu ya ce, "Yalla, ki je, mutanen kirki ne."

Zan je. Zan tsaya a ƙofa in tambaye ta sunan garin da Goggo take zaune yau. Ta sani ko ba ta sani ba, ba zan taɓa tsintsiyarta ba. Halas, magana ta ƙare.