Kalmar Da Na Ɗauko Daga Madina

Ana kiran assalatu muka bar gida zuwa filin jirgin Kano, mu huɗu 'yan kasuwa, kowa da jakarsa da abin da ke ransa. Abokan tafiyata sarin kaya ne ya fito da su zuwa Dubai, daga can kuma a wuce Umara. Ni ma haka na gaya wa mutane. Amma gaskiyar magana yayana na fita nema a Madina, don an doshi shekara ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Yaya Haruna shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne auta. Ya haura shekara ashirin a Saudiyya, kuma wata bai taɓa ƙarewa bai aiko wa Inna na cefane ba. Ta hannun masu hawala yake aikowa: ya ba wani mutum kuɗi a Madina, mutumin ya bugo wa ubangidansa waya a Dubai, daga Dubai a bugo wa wani Alhaji mai goro a kasuwar garinmu. Ba takarda, ba sa hannu. Shaidar kawai kalma ce. Yaya ya aiko da kalma tare da kuɗin, Inna ta mayar da wadda ta dace da ita, in ta isa kunnensa ya san saƙo ya shiga hannu. Ya ce tuwo, ta ce miya. Ya ce allura, ta ce zare. Akwai watan da ya ce kunama ta ce takalmi, mai goro ya yi dariya har da hawaye. Iyakar hirarsu ke nan, domin Inna mutuniyar da ce. Ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama taɗi da shi, "wancan na gabas" take ce masa. Ko zuwa wurin mai goron ma, cewa take za ta sayo goro.

Kwatsam mai goro ya ce hanya ta toshe. Daga nan Inna ta fara ramewa. Ranar da na je yi mata sallama ta miƙo mini ƙullin kuka da daddawa, ta ce, "Tafi da wannan, ko za ka ga mai so." Ta mayar da kanta kan waken da take tsincewa.

Dubai na nan da zafinta da ƙyalƙyalinta, amma wanda ya san unguwar Dera a da zai ga an sauya. Ɗakin da muka saba kamawa ya ƙara tsada, shinkafar Indiyawa kuma ta ragu a faranti, naman ciki sai ka yi tono. A da mukan zuba kuɗinmu a Kano mu taho hannu na dukan cinya, mu karɓa a can. Wannan karon kowa a jikinsa ya ɗauro dalarsa. Ɗaya daga cikinmu a safa ya cusa tasa, ya wuni yana tafiya kamar mai ƙaya a ƙafa, muna tsokanarsa yana harararmu. Ba'indiyen da ya saba ba ni agoguna in biya daga baya, ya shayar da ni shayi, ya tambayi iyali, sannan ya ce yanzu sai hannu da hannu.

Na hau benen da ofishin hawalar yake, a saman wani kantin turare. Ƙofar na garƙame, an manna mata takarda mai hatimi. Abin da na tsinta a bakin mutane shi ne manyan ƙasashe sun ce ta irin waɗannan ofisoshi kuɗin masu ta'adi ke bi, suka sa takunkumi, suka matsa wa hukumar garin lamba, ita kuma ta bi su da kwaɗo. A matakala na tarar da wani dattijo Bahaushen Sudan yana zaune, ya ce kullum yakan zo ko an buɗe. Ƙasarsu ma takunkumi ne a kanta, banki ba ya aika ko sisi can, ga 'ya'yansa a makaranta. Ya ce masu manyan kuɗi tuni suka sami wata hanya, an bar jaki ana dukan taiki. Ya faɗa ne yana waige-waige, don a lokacin ko kalmar "saƙo" mutum ba ya ɗaga murya da ita.

Muka gama sari, muka ba da kaya a yi mana awo, muka hau jirgi. Da hantsi muka sauka filin jirgin Madina. Daga tagar mota baƙaƙen duwatsu kawai kake gani kamar an ƙone ƙasar, sai can ka hango hasumiyoyin Harami, jikinka ya yi sanyi. Na yi ziyara, na yi salla a cikin dubban mutane, amma ban taɓa jin ni kaɗai ne a duniya irin na ranar ba. Kowa na addu'a da yarensa, ni kuma ina leƙen fuskar duk wani baƙar fata da ya gifta.

Abokaina suka shiga hidimar ibada da sayen tsaraba, ni na shiga nema. Da safe in sayi burodin tamis da wake in ci a tsaye, in kama hanya. A kantin dabinon da na san yana aiki, aka ce ya daɗe da bari. Na bi wuraren da mutanenmu ke taruwa bayan la'asar. Hausa na nan iri-iri, ta Kano, ta Damagaram, ta Sudan, duk an kwaɓa ta da Larabci. Samarin da aka haifa a can suna jin abin da kake faɗa sarai, amma da Larabci za su amsa maka. Da zarar na ambaci suna sai fuskoki su rufe, don baƙon da ke yawon tambayar mutum a wannan zamani ba a san wanda ya aiko shi ba. Sai da wani tsoho ɗan Damagaram ya ƙare mini kallo, ya ce, "Goshinku ɗaya. Je ka Harra ta Yamma, gidan da ke bayan masallaci mai koriyar ƙofa, hawa na ƙarshe."

Harra ta Yamma unguwa ce shiru, lunguna masu hawa da gangara, yara na buga ƙwallo a kan baƙin dutse. A wani ɗaki kan rufin bene na same shi, katifa ɗaya, risho ɗaya, tukunya biyu. Furfura ta gama masa gemu. Yanzu a wani sito na magunguna yake ɗaukar kaya. Muka gaisa gaisuwar da ba ta wuce baki ba. Na miƙa masa ƙullin Inna, ya karɓa ya ajiye a gefe bai kwance ba.

"Ita ta ba ka," ya ce, "ko kai ka sayo don ka sanyaya mini rai?"

Na ce ban gane ba, ai mu ne ke da ƙorafi, shi ne ya daina aike.

Sai ya ba ni labari. Da hawala ta mutu, tunda yana da iƙama, wato takardar zama, sai ya koma aikawa ta banki. Ya ba wani alhaji mai komawa gida lambar da za a karɓa da ita, alhajin kuma ya kai wa Inna hannu da hannu. Sau biyu yana aikawa, sau biyu kuɗin na dawowa, wai ba a karɓa ba.

"Uwa in ta mayar maka da kuɗinka, ai halas, ta gama magana," in ji shi. "Na san laifina. Baba ya rasu ban zo ba."

Na rantse masa ban taɓa jin Inna ta yi zancen banki ba. Bai yarda ba, bai kuma musa ba. Muka zauna kowa na kallon ƙasa, ƙullin na nan a ɗaure.

Washegari na ce mu je ya aika da sunana, in na koma in karɓa in kai mata, in ta ƙi sai ta ƙi a gabana. Wurin aika kuɗin cike yake da Bangaladash da Pakistan da mutanenmu, kowa da takardarsa a hannu, layi har titi. Da muka kai gaban gilashi, ma'aikacin ya jero ƙa'idoji da sauri kamar mai tilawa, Yaya na mayar mini da Hausa: mai karɓa zai je da kansa, ya nuna katin shaida, ya ba da lamba, ya faɗi cikakken sunan wanda ya aiko.

Na ce, "Yaya, wa zai faɗi sunan?"

Ya ce, "Mai karɓa mana."

Na ce, "Wato Inna."

Ya juyo ya tsaya yana kallona. Na bayanmu suka fara tsaki, muka fita daga layin. A bakin titi ya tsuguna, ya dafe kai. Ni dariya ce ta fara zo mini, na haɗiye ta.

"Na manta," ya ce. "Wallahi na manta. A nan fa da sunan ɗan fari ake kiran uwa, Ummu wane, Ummu wane, tana jin daɗi ma. Kunnena ya saba."

Ranar ya kwance ƙullin. Ya tuƙa mana tuwon garin semo, ya kaɗa kuka, warin daddawa ya cika rufin benen har wani maƙwabci Balarabe ya leƙo yana toshe hanci. Muna cikin ci, bai ɗago kai ba, ya ce, "Auta, ko bayan idona, ka taɓa jin ta faɗi sunana?" Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce ban taɓa ji ba. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ranar tafiyarmu Makka ya nemi izini a wurin aiki ya rako ni Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami. Manyan motoci jere, hayaƙi, direbobi na kiran fasinja, masu sayar da silifa da lema na bin mutane. Na yi wanka na ɗaura farare, na fito na same shi a jikin motarmu. Ya ce banki zai kai kuɗi, amma ba ya ɗaukar kalma, don haka ni zan ɗauka. Ya matso kusa da kunnena kamar mai tsoron a ji, ya ce, "Rijiya." Mota ta tashi, jama'a suka ɗauki talbiyya, ni ina waige. Shi kaɗai ne mai tufafin gida a cikin farare, yana tsaye hannunsa a baya, har muka sha kwana.

Muka yi Umara lafiya, muka fito ta Jidda, muka sauka Kano. Ban tsaya jiran kaya ba, na hau motar garinmu.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana kaɗi. Bayan gaisuwa da ajiye dabino da zamzam, na tambaye ta zancen banki. Ta ci gaba da murza mazari.

"Na je," ta ce. "Har birni na je, sau biyu. Yaron ya ce in faɗi sunan mai aikowa. Na ce wancan na gabas ne. Ya ce babu wannan a na'urarsa. Na bayana suna ta dariya, na ɗauki mayafina na fito."

Na ce me ya hana ta gaya mini. Ta ce, "In ce maka me? In ce na wanke ƙafa har birni saboda shi?"

Na ce, "Inna, suna ne fa kawai. Shi yana can yana cewa fushi kike da shi."

Mazarin ya tsaya. Ta ce, "Yana da inda nake faɗinsa. Goshina na ƙasa nake faɗinsa, kowace salla. Ba zan kai shi gaban yaron banki ba."

Sai na ce an ba ni kalma. Ba ta kalle ni ba, amma na ga kunnenta ya dawo wurina. Na ce, "Rijiya."

Ta ja zare, ta naɗe, ta ce, "Ka ce masa ba ta ƙafe ba."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, masu rufe hanyar kuɗi daga nesa kuɗin kawai suke gani, ba su san me talaka ya ɗora a kai ba. Mu ba na cefane kaɗai aka tare mana ba, 'yar hirar da ke tsakanin uwa da ɗanta ce aka garƙame a saman kantin turare. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Dattijon nan na matakala ma ban san inda tasa ta kwana ba, kuma yana yawan faɗo mini a rai.

Da na koma Kano na shiga shagon buga waya, na kira siton magungunan, aka nemo mini Yaya. Na gaya masa amsar Inna, sannan na gaya masa inda take faɗin sunan nasa. Layin ya yi shiru, ina jin ƙarar motocin Madina ta bayansa. Mai shagon ya nuna mini agogo, wai kuɗi na tafiya. Na yi masa alama da hannu ya ƙyale shi.